Wa zai yi wa dukiyar mamaci kuɗi kafin rabon gado?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu a Tawa, ya bar gida, garkar albasa da bisashe. Magada su ne innarmu da mu ƴaƴansa, maza biyu, mata uku. Iyayensa sun riga shi. Yayanmu yana son ya riƙe gidan ya biya mu. Wa zai faɗi kuɗinsa?

Amsa: Allah ya jiƙan baba, ƴar'uwa. Duk mai rabo a cikin kaya ba shi ke yi musu kuɗi ba, ko da shi ne babba.

Kafin a kai ga nan, a ware abin da ba na marigayi ba: tumakin innarku da ke cikin garkensa, ajiyar mutane, ɗakin da wani ɗa ya aiko kuɗi daga Abijan aka gina, in akwai shaidu cewa ba kyauta ya yi ba. Sai a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi (har da sauran sadaki in bai cika ba), sannan wasiyya, wadda ba ta wuce kashi 1 cikin 3.

Gidan kuwa, a kira dillalan filaye biyu ko uku da magini, kowa ya duba shi kaɗai. Fili daban, gini daban, domin sau da yawa gidan laka a tsakiyar gari filinsa ne mai tsada. A dubi takarda: gidan da ba shi da takardar mallaka kuɗinsa na faɗuwa. Farashin yau ake bi, ba abin da baba ya kashe ba. Misali, in an tsaya kan miliyan 12 na sefa, innarku tana da tumuni (kashi 1 cikin 8), miliyan 1 da rabi. Saura miliyan 10 da rabi a kasa 7: namiji miliyan 3, mace miliyan 1 da rabi. Ke nan yayanku zai fiddo miliyan 9, kuma a rubuta ranar biya, don "zan ba ku in na samu" ita ke raba zumunci.

Bisashe a yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya, a rana guda. Ragon gab da Layya da na ƙarshen rani ba kuɗinsu ɗaya ba. Albasar da ke cikin garka a lissafa ta dabam da ƙasar, a kuma tambayi hukumar filaye ta COFO ko garkar tana jingina.

A sa komai a takarda gaban liman da shaidu, kowa ya sa hannu. In akwai maraya ƙarami ko wani ya ƙi amincewa, a kai maganar kotu, alƙali ya naɗa masani.