Ga ƙanwarmu da aka ba Human Kinetics

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata da kika ce Physiotherapy (gashin ƙashi) kika cike a JAMB amma Human Kinetics (ilimin motsa jiki) aka ba ki, a gida kuma ana ta yi miki dariya wai guje-guje da tsalle-tsalle za ki je koyo a jami'a, kina tambaya ki karɓa ko ki jira baɗi. Wallahi labarina kika rubuta, sai dai mu a lokacinmu PHE (Physical and Health Education) ake ce masa.

Ni wani kawuna ne ya fi kowa cin mini rai. Ran Sallah mun je gaisuwa, falo cike da mutane har da surukai, ya dubi Babanmu ya ce, "Yaya, ashe kuɗinka za ka kwasa ka kai jami'a a koya wa 'yarka langa?" Aka fashe da dariya. Baba ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, wannan shirun nasa ya fi maganar ƙona ni. A kicin na ƙarasa ranar ina kuka. Kuma kawun bai bar ni haka ba, duk inda muka haɗu sai ya ce ga kyaftin ɗin Kano Pillars ta iso. Mutumin da ko biro bai taɓa saya mini ba! Har wurin ɗaurin aurena sai da ya maimaita wa dangin mijina. Na yafe masa saboda zumunci, amma ban manta ba.

To abin da zan faɗa miki, ki karɓa, amma ki shiga da idonki a buɗe. Wannan kwas ba Physiotherapy ba ne, kar wani ya ce miki ai duk ɗaya ne. Hukumar MRTB ce ke ba masu gashin ƙashi lasisi, kuma da wannan digirin ba za ta ba ki ba. In zuciyarki na kan farar riga da asibiti ne, ki yi rajista ki fara karatun, ki sake zana JAMB kina ciki, kar ki zauna a gida shekara guda kina jiran gawon shanu. A ABU Zariya sashen yana ƙarƙashin tsangayar ilimi, haka yake a jami'o'i da yawa, don haka akwai koyarwar gwaji a sakandare, kuma kina da damar rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai.

Masu cewa wasa ne, su zo su haddace ƙasusuwa 206 da tsokokin da ke manne da su, daga ina kowace ta taso, ina ta ƙare. Ga Exercise Physiology, wato yadda jiki ke aiki yayin motsa jiki, ga Biomechanics wanda kusan fiziks ne tsagwaronsa, ga lissafin gwaji da awo. Nan ne aka fi kwasar kariyoba, wato faɗuwa darasi a maimaita shi, ki riƙe su tun farko. Za a sa ki gudun minti 12 na gwajin Cooper a auna ƙarfin zuciyarki da huhunki, ranar za ki san kin zo makaranta. Maganar sutura kuma kar ta dame ki, dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi mai kama kai. Haka muka yi shekara huɗunmu.

Yanzu da wannan karatun nake cin abinci. Ina koyarwa da safe, da yamma ina horar da mata a wani gida a unguwarmu, yawancinsu masu ciwon suga da hawan jini da waɗanda suka haihu. Likita ya ce musu su motsa jiki, amma wace matar aure ce za ta shiga wurin motsa jiki cike da samari? Mace suke nema, mu kuma ba mu da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ni da tafiya mai ɗan sauri nake fara musu. Tsoka in tana aiki tana zuƙar suga daga jini, shi ya sa yake sauka. Mai hawan jini kuma ba a bari ta riƙe numfashi tana ɗaga nauyi, kuma sai na auna ta kafin mu fara, in ya hau sosai asibiti nake tura ta.

Abin da ke ba ni takaici masu tallan shayin rage tumbi da damarar matse ciki. Yawancin shayin nan gudawa kawai yake sa mutum, ruwan jiki ne ke zubewa, kitsen yana nan daram. Baiwar Allah ta kashe kuɗinta a can, ta zo wurina a galabaice tana neman in yi mata ragin kuɗi.

Af, takalmi. Ki je gwanjo ki samo kambas mai taushin ƙasa, kar ki yi firatikal da mai shafaffen ƙasa, gwiwa yake ci. In kin shiga ki yi mini magana ta akwatin sirri, tsofaffin handawut ɗina na Anatomy suna nan, zan ɗauki hotonsu in turo miki.