Yaron nan mai gurasa biyar

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya gina labarinka a kan yaron da ya kawo gurasa biyar da kifi biyu da Yesu ya ciyar da dubban mutane da su, har ka sa Yesu ya zauna su yi hira bayan taro ya watse. A kan yaron, ga fili ga mai doki. Hirar kuwa ban yarda da ita ba.

Cikin marubutan Bishara, Yahaya ne kaɗai ya ambaci yaron, a sura 6, kuma bai faɗi sunansa ko na ubansa ba. Inda Littafi ya yi shiru, nan ne gonarka. Raɗa masa suna, ba shi uba masunci a bakin Tekun Galili wanda haraji ya sha masa kai, ba shi uwar da ta tashi tun asuba tana niƙa. Amma kada ka sa wa Ubangiji magana a baki. Mai karatu zai haddace abin da ka ƙaga, wata rana ka ji shi a bakin mai wa'azi ana cewa aya ce. Bari yaron ya leƙa ta tsakanin manya, ya gane gurasar uwarsa a hannun da ke rarraba ta.

Abin da ya fi damuna a rubutunka shi ne tukunya. Ka sa uwar tana miyar tumatir da barkono, ga masara a rumbu. Duk ukun daga nahiyar Amurka suka fito, sai bayan 1492 suka ƙetaro teku. Gurasar yaron ta sha'ir ce, abincin talaka, alkama ta masu hali ce. Wannan kaɗai ya nuna maka irin gidan da ya fito. Filibus, almajirin Yesu, ya ce dinari 200 ba za su ciyar da taron ba, dinari ɗaya kuwa ladan yinin ɗan ƙwadago ne, kamar yadda Matiyu 20 ya nuna. Sa uban yaron ya yi wannan lissafin a ransa, mai karatu zai ji nauyin kuɗin.

Gidan ma gyara shi. A Kafarnahum, wani gari a bakin Tekun Galili, da baƙin dutse ake gini a zamanin, a jera itace a sama a shafe da laka, kusan irin soronmu, shi ya sa aka iya fasa rufi a zuro shanyayye a Markus 2. Lokacin kuma dab da Idin Ƙetarewa na Yahudawa ne, ciyawa ta yi kore, don haka cire ƙurar da ka cika shafi na uku da ita.

Sake babin farko, ka kawo mini ran Asabar.