Shuɗin da ke kanka ba shi ne ke cikin teku ba

Jiya muna cikin mota za mu koma unguwar Nima ta nan Ankara, babban birnin Gana, ka yi mini tambayar da na san ta daɗe tana cin ka. Ka ce, "Maigida, tunda waya tana ɗaukar hoto tas, me zai hana mu ɗauki tekun nan sau ɗaya mu zauna a shago mu yi ta zanawa? Wata bakwai ke nan muna zuwa bakin tekun Jamestown, wuri ɗaya muke tsayawa, ruwa ɗaya muke kallo." Na yi shiru ne don motar cike take, ba don ka ɓata mini rai ba. Ni ma na taɓa yi wa maigidana irin wannan tambayar, sai dai a lokacin ba waya, kalandar bango ce muke kwaikwayo. Ajiye buroshin nan cikin kananzir, jawo benci ka zauna.

Ɗauko mini allunanka uku da ke bayan ƙofa. Wannan ka yi shi a Janairu, wannan a Maris, wannan kuwa makon jiya. Jera su. Me ka gani? Shuɗi ɗaya ne, daga bututun fenti ɗaya, har layin da sama ta haɗu da ruwa ma wuri ɗaya ka ja shi da ƙarfi ɗaya. Kana tsaye a gaban ruwa iri uku, amma hannunka ya zana wanda ke cikin kanka tun kana firamare. Ka zana abin da ka sani, ba abin da ka gani ba. Ba laifinka ba ne, ɗana, kowa da haka yake farawa, kuma maganin wannan cutar ce take kai mu bakin ruwa kowane mako.

Ka tuna ranar Janairun nan? Hazon hunturu ya sauko har leɓenka ya tsage. A ranar babu layi ko kaɗan tsakanin sama da ruwa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, wadda ta bi ta kan garuruwan kakanninmu kafin ta iso nan Ankara, ta shafe shi. Kwale-kwalen da suka yi nisa sai ka ga kamar a iska suke rataye. Ruwan kansa fari-fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, kamar kunun da aka tsinka. Rana kuma ba ta kai ga faɗuwa a idonka. Tun da sauran tafiya take zama jan faifai marar zafi, sai hazo ya haɗiye ta. Ni a wannan watan da ƙyar nake taɓa shuɗi. Fari nake kwaɓawa da ɗan ruwan ƙasa da ɗigon ja, shuɗin kuwa ɗan abin da bakin wuƙar fenti zai lakato. Kai kuma ka ja layinka da rula. Na gan ka, na ƙyale ka, don in na faɗa maka a ranar za ka gyara ne don na faɗa, ba don idonka ya yarda ba.

Ga wani abu da hoto ɗaya ba zai taɓa koya maka ba. Gaɓarmu kudu take kallo, kuma garin nan digiri biyar da rabi ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba, rana da tsaka tana bi ta arewa, wato ta bayanka in kana fuskantar teku. Daga Satumba zuwa ƙarshen Maris kuma ta kudu take bi, ta kan ruwan, tana watso maka ƙyalli a ido. A Disamba cikin kwale-kwale da ke kallonka a inuwa yake, baƙi-baƙi, ruwan bayansa na walƙiya. A Yuni kwale-kwalen nan dai, wuri ɗaya, sa'a ɗaya, haske na dukan gefensa, har rubutun da ke jikinsa kana karantawa. Faɗuwar ma haka: a Disamba can kudu maso yamma take sauka kusa da bakin ruwa, a Yuni kuwa bayan gidaje take ɓuya. Don haka duk zanen da ka gani a kasuwa na jar rana tana nitsewa tsakiyar teku daidai gaban mai tsaye a Jamestown, ka san mai shi bai tsaya a wurin ba. Yana sayuwa, ban ce ba ya sayuwa ba. Ni ma na yi irinsa da yawa, da bishiyar kwakwa a gefe, na biya kuɗin ɗaki da na makarantar yara. Baƙin da ke zuwa gari a Disamba shi suke so. Amma ka riƙa sanin wanne ne na tuwo, wanne ne na aiki.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha. Ina da ƙuruciya, na baro rubutun allon shaguna da zanen bayan manyan motoci ke nan, na yi wani babban zane da nake ji da shi: ruwa shuɗi shar, sama wasai, masunta na sauke kifin amane har kwanduna na ambaliya, mata na jira da manyan kwanoni. Na kai shi bakin ruwa don in ƙarasa igiyoyin taru. Wani dattijon masunci da ke ɗinkin tarunsa ya taso ya tsaya bayana, ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaye ni, da ɗan murmushi, wane wata ne wannan. Na ce ban sa masa wata ba. Ya ce ai ya gani, domin kifin na Agusta ne, ruwan kuwa na Maris. Ya koma kan tarunsa. Ban ƙara ko ɗigo a zanen ba, na naɗe shi na tafi gida.

Abin da dattijon ya sani shi ne wanda kai ba ka gani ba tukuna, tunda a Disamba ka zo hannuna. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku ya maye gurbin na sama. Ɗumin ruwan da ke kusan digiri 28 ko fiye a lokacin zafi sai ya sauko ƙasa da 25. Ruwan nan yana tahowa da abincin ƙananan halittun da ido ba ya gani, su yi ta yaɗuwa, su ne ke mai da teku kore mai duhu, su ne kuma ke jawo amane, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira shawa. A Agusta ruwan sama ya ɗauke amma gajimare bai tafi ba, sama toka-toka take wuni, iska na kaɗawa da sanyi har ka nemi riga mai kauri. Inuwa kusan babu. Igiyar ruwa tana da ƙarfi, kumfarta ba fara sol ba ce, tana da ɗan kore da ɗan ruwan ƙasa. Ga hayaƙin murhun banda na matan unguwar Chorkor yana kwanciya kan gaɓa, shuɗi-shuɗi, shi kaɗai ne ma shuɗin kirki da za ka samu a wannan watan. Ni dai a duk shekara babu watan da nake so kamarsa, kuma babu wanda zanensa ke wuyar sayarwa kamarsa. Mutane su ce ya yi duhu. Wanda ya taso a bakin ruwan nan kuwa, da ya gani sai ya yi shiru.

Na makon jiya ma ba ka kalle shi da kyau ba. Bayan ruwan Yuni, kogin Odaw da tafkin Korle suna amayo laka da sharar gari cikin teku. Ruwan kusa da gaɓa ja-ja ne kamar shayi da madara, can nesa kuma ya koma kore mai toka, tsakaninsu akwai iyaka da ido ke gani ƙarara. Ledojin ruwan sha kuwa, ko ka sa su ko ka bar su, wannan shawararka ce. Ni ina sa su. Suna wurin.

Ita wayar ban hana ka ita ba. Ɗauki rubutun jikin kwale-kwale da tutocinsu da yadda aka ɗaure inji, wannan duk tana da amfani. Amma ka san halinta. Tana gyara haske da launi da kanta don hoton ya burge, ta ƙara wa sama shuɗi, ta buɗe inuwar da ya kamata ta zauna da duhunta. Tana tura abu nesa, igiyar da ta fi ka tsayi ta koma kamar ta bahon wanka. Sannan tana daskarar da igiya ɗaya, alhali mai zane ba igiya ɗaya yake zanawa ba. Sai ka kalli hamsin, ka gane inda suke tasowa, inda suke lanƙwasawa, inda hasken ke ratsa bayansu kafin su fashe, sannan ka zana ɗaya wadda ta ɗauko halin dukkansu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kada ka ɗauka mu kaɗai muke wannan wahalar. Mai zane Winslow Homer na Amurka ya koma Prouts Neck a gaɓar jihar Maine a 1883, ya zauna nan yana kallon duwatsu ɗaya da ruwa ɗaya har ya rasu a 1910. Claude Monet na Faransa yakan fita da zane da yawa a lokaci guda, in haske ya sauya ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Shi ne ma a Nuwamban 1885, a garin Étretat da ke gaɓar tekun Faransa, ya duba jadawalin cikowar ruwa na wata rana daban, ya kafa kayansa gindin dutse yana zaton ruwa janyewa yake yi. Igiya ta maka shi da dutsen, ta kwashe kayan aikinsa, ya fito da rarrafe da fenti a gemu. Namu cikowar ba ta kai mita biyu ba, tasu ta ninka haka sau da yawa, amma ka ɗauki darasi. Ruwa yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kullum yana jinkirta da kusan minti 50, kuma ya fi cika da janyewa in wata ya tsaya da in ya kai sha huɗu. Kai da ka san lissafin watan Musulunci ba ka buƙatar jadawali sosai. Kuma kada ka taɓa ba teku baya kana kwaɓa fenti. A nan gida, in ka samu lokaci ka je unguwar La ka ga aikin Farfesa Ablade Glover a gidan zanen da ya kafa, ka lura da yadda yake ɗora fenti da wuƙa, kusa ka ga tarkace, ka ja baya ka ga taron jama'a.

Su ma kayan aikin suna bin yanayi, wannan kuma sai hannu ya sha wuya yake koya. Da hunturu fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi allo, sai kana yayyafa wa faranti ruwa. Da damina fentin mai sai ya yi kwana da kwanaki yana danƙo, bayan yadin ya yi fumfuna in ka jingina shi da bango. Iskar gishiri tana cinye ƙusoshin firam, shi ya sa nake sa ka shafa musu fenti. Yashi kuwa zai shiga zanenka ko ka so ko ka ƙi. Kada ka goge shi da ɗanye, bari ya bushe ka kakkaɓe. Babban yadi a bakin teku tamkar filafilan jirgi ne, iska ɗaya ta kifar da shi, don haka ƙananan allunan katako muke kaiwa, babban aikin a shago.

Akwai kuma dalilin da ban san da shi ba sai da na manyanta. Allunan nan da ke kan rufin ɗaki, na shekara da shekaru ne, kowanne da kwanan wata a baya. A 2020 aka rushe rumfunan bakin ruwan Jamestown don gina sabuwar tashar masunta, aka buɗe ta a 2024. Hasumiyar fitila mai ja da fari tana nan, gidan yarin James Fort na da yana nan, amma wurin da na tsaya ina saurayi babu shi. Yanzu masunta kan zo shago su ce in sauko musu da tsofaffin allunan, su yi ta nuna wa juna inda rumfar wane take.

To ga aikinka. Ka yanko alluna goma sha biyu daga ragowar katakon can, kowanne kamar tafin hannu biyu, ka shafe su da farin fenti. Kowane wata ɗaya, wuri ɗaya, ƙarfe bakwai na safe, minti arba'in kawai. Ba kwale-kwale, ba mutum, ba kwakwa: sama da ruwa da yashi. A baya ka rubuta kwanan wata na Bature da na Musulunci, da inda iska ke fitowa, da launukan da ka kwaɓa. Bututun shuɗin nan kuma ba ni shi, zai zauna a aljihuna. In ka ga kana bukatarsa ka nuna mini wurin a cikin ruwan tukuna.

Ranar Talata za mu fara, tunda masuntan ƙabilar Ga ba sa fita ranar, bakin ruwan ba hayaniya, ba wanda zai ture maka allo da kwandon kifi. Ka same ni bayan sallar asuba wajen mai koko da ƙosai. Ka zo da igiya da tsohon buhu, za mu cika shi da yashi mu ɗaure ƙafar abin jingina allon, iskar Yuli ta fara tashi.