Hukuncin labaran saibog da dasa na'ura a jikin ɗan Adam

Tambaya: Malam, ina karanta ƙagaggun labaran kimiyya masu nuna saibog, mutumin da rabinsa nama ne rabinsa inji, da kamfanonin da ke mulkin jama'a ta hanyar na'ura. Abokina ya ce canza halittar Allah ne, karantawar ma haramun ce. Mene ne gaskiya?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, abokinka ya haɗa mas'aloli biyu, dasa na'ura da kuma karanta labarinta.

Dasa na'ura don mayar wa jiki abin da ya rasa halal ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. A kan wannan ake ƙiyasta ƙafar roba, na'urar ji, da na'urar daidaita bugun zuciya da aka fara dasawa a Suwidin a 1958. Wanda jikinsa ya shanye aka sa masa na'ura a ƙwaƙwalwa don ya sarrafa kwamfuta, kamar yadda kamfanin Neuralink ya fara a 2024, shi ma magani ya nema.

Inda ayar Suratun Nisa'i ta 119, mai magana kan canza halittar Allah, ke aiki shi ne lafiyayyen da zai yanke hannunsa don a sa masa na ƙarfe mai ƙarfi. Wannan bai halatta ba, domin jiki amana ce, ba dukiyar mutum ba. Hadisin Ibn Mas'ud kan masu yin wushirya ya ɗaure tsinuwar da neman ƙawa, shi ya sa malamai suka fitar da mai lalura.

Labari kuwa, idan mai karatu ya san ƙagagge ne, ba ƙarya ba ce. Malamai sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, kowa ya san Abu Zaid, gwarzon littafin, bai yi abin da aka ba da labari ba. Siyasar da ke cikin labaran saibog kuwa, ni a ganina ita ce mafi amfani a ciki. Marubutan suna tambaya: idan kamfani ne ya mallaki idon da ke kanka, ya iya kashe shi ranar da ka kasa biya, kai ɗa ne ko bawa? Idan mai kuɗi ya sayi ƙarin ƙarfi da basira, talaka fa? Suratul Hashri aya ta 7 ta hana dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, kuma malaman fiƙihu za su buƙaci amsa kan wanda aka juya hankalinsa da na'ura, ko hukuncin wanda aka tilasta ya hau kansa.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne da'awar cewa za a kwashe tunanin mutum a zuba a inji ya tsere wa mutuwa. Ruhi na daga al'amarin Ubangiji, kowane rai kuma sai ya ɗanɗani mutuwa. Idan ka ji wannan shubuha na kama zuciyarka, ko littafin na da batsa, ko yana cinye maka lokacin salla, ajiye shi ya zama wajibi a kanka. Wallahu a'alam.