Yadda Hannun Yaro Yake Koyon Aiki: Amsoshin Likita Ga Iyaye a Gombe

Yawancin tambayoyin da suka iso mini a wannan karon sun shafi hannun yara ne, saboda haka na tattara su wuri guda.

Wata uwa daga Jekadafari ta ce jaririnta ya cika wata biyu, kullum hannuwansa a dunƙule suke, amma idan ta sa masa yatsa sai ya damƙe da ƙarfi. Tana tambaya ko lafiya.

Lafiya lau, Malama. Wannan damƙar da ita ake haihuwar jariri, ba da niyya yake yin ta ba, kuma takan gushe tsakanin wata uku zuwa shida, domin sai ta saki sannan yake iya kama abu da gangan. Ƙarfin sarrafa jiki yana farawa ne daga wuya da kafaɗa, ya gangaro gwiwar hannu, sai daga ƙarshe ya isa yatsu. Wajen wata uku ko huɗu za ki ga tafin ya fara buɗewa, yana haɗa hannuwansa biyu a ƙirji yana kallonsu, yana kai su baki. Wajen wata biyar zai miƙa hannu ya cafko ɗankunnenki ko bakin mayafinki, a wata shida ko bakwai kuma ya riƙa sauya ludayi daga wannan hannu zuwa wancan, yana yayumo ƙananan abubuwa da dukan yatsunsa. Matakin da na fi son iyaye su lura da shi yana zuwa tsakanin wata tara zuwa shekara guda, lokacin da zai tsinci ƙwayar shinkafa guda a kan tabarma da babban yatsa da manuniya kaɗai. Daga ranar da kika ga haka sai ki ƙara sa ido a kan gyaɗa da kwabo da maɓalli da ƙananan baturan agogo, domin duk abin da ya tsinta bakinsa zai kai. Idan bakwaini ne, ki riƙa cire makonnin da ya rage bai cika ba kafin ki yi lissafi. Idan kuma ya wuce wata huɗu hannun yana nan a dunƙule ƙam, babban yatsa a lanƙwashe cikin tafi, to ki kawo shi a duba.

Wata kaka daga Kumo ta ce jikarta mai wata bakwai da hannun dama kaɗai take karɓar komai, na hagu kuwa ba ta cika motsa shi ba, kuma gidan suna murna cewa ba bahaguwa ba ce.

Hajiya, ina roƙonki ku kai yarinyar nan asibiti cikin makon nan. Yaro mai lafiya ba ya zaɓen hannu kafin ya cika shekara. Da duka biyun yake aiki, kuma zaɓin yakan fito fili ne tsakanin shekara biyu zuwa huɗu. Idan jinjiri ya fifita hannu ɗaya tun yana wata bakwai, abin da muke zargi shi ne ɗayan yana da rauni. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne yake sarrafa hagun jiki, kuma yana iya samun lahani idan an yi doguwar naƙuda jariri bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Cutar shawara mai tsanani a makon farko, wadda ake ta shanya jarirai a hantsi saboda ita maimakon a kai su asibiti, ita ma tana lahanta ƙwaƙwalwa ta taɓa motsin gaɓoɓi. Kafin ku taho ki gwada wannan: ki zaunar da ita a cinyarki, ki riƙe hannun daman a hankali, wani ya miƙo mata murfin kwano ta gefen hagu. Ki duba ko za ta miƙa hannun, ko yatsun za su buɗe, ki kuma lura ko ƙafar hagun tana da tauri lokacin wanka. Abin da kika gani shi za ki faɗa wa likitan yara. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe akwai sashen yara da sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa uwa atisayen da za ta riƙa yi a gida. Ƙwaƙwalwar jariri tana karɓar gyara a shekaru biyun farko fiye da kowane lokaci, shi ya sa jiran "za ta warware da kanta" yake da tsada ƙwarai.

Wani uba daga Dukku ya ce ɗansa mai shekara huɗu da hagu yake riƙe alƙalami da cokali, an yi faɗa an yi bulala bai daina ba.

Malam, a daina dukan. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, kuma halitta ce, ba taurin kai ko rashin tarbiyya ba. Idan hannunsa na dama yana aiki sosai wajen hawa da ɗauka da cafe ƙwallo, babu cutar da za a nema. Cin abinci da gaisuwa da karɓar abu da dama ladubba ne da addini da al'ada suka koyar, kuma yaro yana iya koyonsu da lallashi da tunatarwa, tunda kai loma baki ba ya buƙatar ƙwarewa mai zurfi. Rubutu daban ne. A ganina a bar shi ya rubuta da hannun da ya fi iyawa, domin tilastawa takan jawo mummunan rubutu da jinkiri da ƙin makaranta. Ka samu malaminsa ku yi wannan magana cikin mutunci.

Wata uwa daga Bajoga ta haifi ƙaton jariri da ƙyar, yanzu sati uku hannunsa ɗaya yana saɓule a gefensa, tafin yana kallon baya, kuma an ba ta shawarar mai ɗori.

Kada ki kai shi wurin ɗori, Malama, kada kuma a ja hannun ko a gasa shi da ruwan zafi. Ba shan inna ba ne. Alamun sun fi kama da jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu sun miƙe lokacin da kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa, ko da yake sai an duba ko ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Mafi yawan irin waɗannan yara suna farfaɗowa cikin watanni idan ana motsa gaɓoɓin a hankali yadda masu gashin ƙashi suka nuna. Idan ya kai wata uku zuwa shida bai iya lanƙwasa gwiwar hannun ba, akan tura shi wurin likitan tiyata.

Wata malama daga Tudun Wada ta ce 'yarta mai shekara uku ta ƙware da latsa waya, amma an ce ba ta iya rubuta haruffa ba.

Ba a sa ran 'yar shekara uku ta rubuta haruffa. Yaro yakan fara zane barkatai wajen shekara ɗaya da rabi, ya kwaikwayi da'ira a shekara uku, layi biyu masu gilma juna a shekara huɗu, siffa mai kusurwa uku kuwa sai wajen biyar ko shida. Shafa fuskar waya yatsa ɗaya kawai yake motsawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce kada kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Ki bar ta ta ci tuwonta da kanta ko da za ta ɓata riga, ta murza ƙullu, ta buɗe murfin gwangwani ta rufe, ta zuba rairayi daga ƙoƙo zuwa ƙoƙo, ta yi zane da gawayi a ƙasa. Idan ta kai shekara huɗu sai ta taya ki ɓare gyaɗa da tsince wake kina kusa, ta kuma fara koyon sa maɓallin rigarta.