Kun Tambaya Mun Amsa: Kujerar lilon kakana, in sayar ko in kai gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lahiya. Ni ɗan unguwar Birni ne nan Damagaram. Akwai wata kujera mai lilo da muka gada wurin kakanmu Allah ya jiƙansa, ya yi aikin kuku ne gidan wani Bafaranshe, da baturen zai koma gida dab da samun mulkin kai a 1960 sai ya bar masa ita. Katakonta mulmulalle ne kamar sanda kuma duk a lanƙwashe, gefe da gefe ya murɗe kamar ƙahon rago, mazauni da majingina saƙa ce mai huji huji amma ta mazaunin ta ɓarke, kuma yanzu in an zauna sai ta riƙa girgiɗi tana ƙara. Wani dillali ya gani ya taya jika 40, shi kuma kafintan unguwarmu ya ce in kawo ya buga mata ƙusoshi ya sa falanki a mazaunin ya yi mata fenti ta koma sabuwa fil. Wanne zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya kai haske kabarinsa. Tun kafin in yi nisa, dan Allah kada ka bari ƙusa ko fenti su taɓa kujerar nan, shi ma dillalin ka ce masa ya dakata tukuna. Kafintanku niyyarsa mai kyau ce, sai dai irin wannan kujera tun asali ba da ƙusa aka haɗa ta ba. Na taɓa ganin irinta a wani gida cikin Zango, an lafta mata shuɗin fenti irin na ƙofa, an buga ƙusa ƴar inci uku daidai inda hannun ya lanƙwasa, katakon ya tsage tun daga nan har ƙasa kamar an faskara kara, wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu, don wannan tsagewar ba ta ɗinkuwa.

Yadda ka kwatanta ta, salon Thonet ne. Michael Thonet kafinta ne Bajamushe, an haife shi 1796 a garin Boppard bakin kogin Rhin, ya koma birnin Biyana na Ostiriya a 1842, can shi da ƴaƴansa maza suka kafa kamfaninsu a 1853. Abin da ya gano shi ne maimakon a sassaƙa katako a ɓata rabinsa, sai a fere shi dogo kamar sanda a turara shi, kamar dai yadda iyayenmu mata ke turara dambu a madambaci, in ya sha tururi ya yi laushi sai maza biyu su kama su lanƙwasa shi cikin wani mazubi na ƙarfe a ɗaure, a bar shi ya bushe, in an kwance shi ke nan ya zauna a haka har abada. Itacen da suke amfani da shi wani ne na dazukan Turai da ake ce ma bich, shi ya sa ma suka kai masana'antunsu yankin Morabiya kusa da dajin, a ƙasar Cek ta yanzu. A 1859 suka fitar da kujerar nan mai lamba 14 wadda ta cika gidajen shan shayin Turai, a 1860 kuma suka fitar da ta lilo ta farko, wato kakar taku kenan.

To ya aka yi irin wannan kaya ya iso har gindin duwatsun Damagaram? Sirrin yana wurin haɗin. Da sukuru da noti ake ɗaure su, saboda haka a warware ake tura su sai an isa a haɗa, ita mai lamba 14 ɗin guda 36 ke shiga akwati ɗaya mai mita ɗaya ta kowane gefe. Ka tuna kuma garin nan shi ne babban birnin Nijar ƙarƙashin Faransawa daga 1911 zuwa 1926 kafin a mai da shi Yamai, kuma tun 1912 jirgin ƙasa na kawo kaya Kano, daga can zuwa nan tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka.

Yanzu ga aikinka. Ka shimfiɗa tabarma ka kifar da kujerar, ka ɗauko tocila ka haska cikin da'irar katakon da ke riƙe da mazauni ta ƙasa, nan suke liƙa ƴar takarda mai suna, ko su danna sunan THONET cikin katakon da hatimi. In ka ga wani suna daban kada ranka ya ɓaci, don daga 1869 da kariyar dokar da ta hana kwaikwayon fasahar Thonet ta ƙare wasu ma sun shiga sana'ar, akwai Kohn akwai Fischel, a Faransa kuma akwai Baumann, duk tsofaffin gidaje ne masu aiki mai kyau. In takardar ta ce Czechoslovakia to bayan 1918 aka yi ta don kafin nan babu ƙasa mai wannan suna. Ka duba kan sukurun, tsofaffi tsaga ɗaya gare su, mai tsagar gicciye sai daga shekarun 1930 ya fara yaɗuwa, in ka gan shi to ko an taɓa gyara ta ko kuma ba ta kai tsufan da ake zato ba. Ka duba saƙar ma, na farko da hannu ake saƙa su ana zura zaren rotan, wani dogon kara mai lanƙwasuwa, ta ƙananan hujin da aka huda kewaye da katakon, za ka ga ƙulle ƙullen ta ƙasa. Ita takardar ko da ta yi baƙi ta rage rabi kada ka kankare ta kada ka jiƙa ta, ita ce shaidar haihuwar kujerar.

Girgiɗin da take yi yawanci sukuru ne suka saki saboda bushewar hunturunmu, katako na tsukewa in iska ta bushe, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗaure a hankali ba da ƙarfin tsiya ba. Mazaunin kuma ka nemi mai saƙar kujeru ko ma dukawan garin nan da hannunsu ya saba da aikin zare da basilla, ya bi ta hujin asali, ko da igiya ya saƙa ai gobe ana iya kwancewa, falanki da ƙusa ne ba sa komawa baya. Banda samfefa, banda baƙin mai da wasu ke shafa wa katako saboda gara, tsumma mai ɗan danshi ya isa, in ta bushe ka murza mata kakin zuma kaɗan. Ka ɗauke ta daga rana, kada kuma ta kwana kan turɓaya.

Zancen sayarwa, ni dai a ganina kada ka sayar. In kuma lalura ta sa dole to ka fara sanin sunan da ke jikinta, ka ɗauki hotonta da na takardar ka nuna wa mutum biyu uku, kuma tunda gado ce ka shawarci sauran magada kafin a yi ciniki.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwargida ce daga Sabon Gari, maigidana na fama da ciwon baya, aka ce mana akwai shugaban Amurka da likita ya sa shi zaman kujerar lilo. Gaskiya ne? Kuma irin wadda masu walda ke yi da ƙarfe da igiyar roba za ta yi?

AMSA: Lahiya lau Hajiya, Allah ya ba maigida lahiya. Gaskiya ne, John Kennedy ne, likitarsa mace Janet Travell ita ta ba shi shawarar tun yana sanata, kujerar ta katako ce mai doguwar majingina da wani ƙaramin kamfani a jihar Karolina ta Arewa ke yi, har fadar shugaban ƙasa ya shiga da ita. Su Amurkawa dama sun daɗe da ita tun ƙarni na 18, lokacin da ake ɗaukar kujerar gida a ɗaura mata katako biyu masu lanƙwasa kamar baka a ƙafafu, daga baya aka samu salon Boston mai siraran sanduna a baya da zanen furanni a sama, da na jama'ar Shaker, wata ɗariƙar Kirista da ba sa son ado ko kaɗan, nasu har lamba suke ba su daga 0 ta yara zuwa 7 ta manya.

Ta masu walda za ta yi in an auna ta da jikinsa, ya zama in ya zauna tafin ƙafarsa na taka ƙasa sosai, majinginar ta kai masa har kafaɗa ta tokare ƙugu, igiyar kuma a ja ta tamau kada ta lotsa. Amma fa sauƙin zama take kawowa kawai, ku kai shi asibiti a duba bayan, musamman in ciwon na sauka ƙafa ko ƙafar na yi masa kamar ta mutu.