Shafin kyauta ko na kuɗi: da wanne zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana son buɗe shafin labaran wasanni, kana shakka tsakanin Blogger da WordPress ɗin da ake biya wa hostin, wato wurin ajiye shafi a intanet. Ni dai shawarata, fara da Blogger.

Na Google ne tun 2003, ba ka biyan ko sisi, kuma su ke kula da tsaron shafin. Idan rubutunka ya yi yawa, kana iya neman AdSense a kai, wato tallan Google da ake biyan mai shafi. WordPress.com na kyauta kuwa, tallarsu suke sakawa, kuɗin kuma ba aljihunka yake shiga ba.

Amma fa Blogger gidan haya ne. In suka ga ka karya doka, rufe shafin za su yi ba tare da neman izininka ba. Don haka ka riƙa sauke kwafin rubuce-rubucenka lokaci-lokaci.

Abin da zan ce lallai ka kashe wa kuɗi shi ne sunan shafi, wato adireshinsa na intanet. Sayi .com.ng da naira, ka haɗa shi da Blogger. Ranar da masu karatu suka ƙaru, kana son plugin (ƙaramar manhajar da ke ƙara wa shafi aiki) ko shagon sayarwa, sai ka kwashe komai zuwa WordPress.org, wanda ake biya wa hostin, da sunan shafin naka. A can, sabunta manhaja da biyan kuɗin shekara duk a wuyanka suke.